Jemar Inna

Innarmu ba ta taɓa faɗa da kogi ba, da mu 'ya'yanta take faɗa. Ɗakinta yana kan gaɓa, marigayi Baba ne ya gina mata shi da hannunsa, ya dasa lemo a gefe, daga nan sai gangare har bakin ruwa. Gangaren nan cike yake da jema, ciyawar nan mai kaifin ganye da ake saƙa faifai da ita. Inna ce ta dasa ta tushe-tushe tun muna goye, don saiwarta tana nutsawa can ƙasa ta ƙanƙame gaɓa. Duk wanda ya yi sallama a gidanmu, ko bai tambaya ba sai ta cusa masa tushe guda ya je ya dasa a nasa bakin ruwan. Mu kam kunya take ba mu. Iyayen wasu ƙwai suke ba baƙo, tamu ciyawa.

Can sama da mu, a wata jihar, akwai madatsar ruwa. Da damina masu madatsar su tara ruwa, in rani ya yi su saki rabon jihar da ke ƙasa da mu, ya bi ta ƙofar gidanmu ya wuce. Da zarar rediyo ya ce za a buɗe, sai maza su hau tsine wa masu madatsar, wai ana cinye musu bakin gona don wasu su noma albasa. Inna takan ce, "Ku rage baki, ruwan ƙanwata ne zai wuce." Da gaskiyarta. Ƙanwarta, da muke kira Inna Ƙarama, can ƙasa take aure, kuma da wannan ruwan suke noman rani.

Babban yayanmu direba ne, yana da motar ɗaukar kaya a birni, kuma ya bi ya ishe ta da maganar ta koma wurinsa. Ranar da ta gaji ta ce masa, "Duk ranar da ruwa ya taɓa bangon nan, kawo motarka in bi ka. Kafin nan ka shafa min lafiya." Inna ba ta magana biyu, kuma duk mun san in aka raba ta da ɗakin nan an gama da ita.

Wata shekara bayan damina, Inna ta tafi jinyar Inna Ƙarama, ta daɗe. Sai Yaya da autanmu suka zo, suka ƙudura za su yi mata abin bajinta. Ni ina shagona ina fama da ɗinki, da na sani da na kwanta a gaban fartanyarsu. Suka tumɓuke jemar nan kaf, suka cinna mata wuta, suka ja kunya-kunya suka dasa tumatir. Wai don kada maciji ya samu maɓoya, wai kuma tsohuwa ta huta da sayen kayan miya. Ba mugunta ba ce, ƙauna ce tsagwaronta, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da Inna ta dawo ta tsaya a kan gaɓa, ƙullin kayanta a ka. Auta sai washe baki yake yi, yana jiran a sa masa albarka.

"Har saiwar?" in ji ta.

"Har saiwar, Inna! Ko ɗaya ba mu bari ba."

Sai kawai ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta zagi kowa ba, wannan ya fi tsorata mu. Ga shi rediyo ya riga ya fara sanar da cewa buɗe madatsa ya ƙarato.

Washegari ta ɗauki kwano ta shiga gida-gida, ni ina biye. Matar da ba ta taɓa roƙon gishiri ba, yau ita ce ke cewa a taimaka mata da ciyawa. Matar wani masunci ta riƙe baki ta ce, "Haba Inna, ai kayanki ne! Wa ya ba mu?" Ashe duk jemar da ke bakin kogin nan jikokin tata ce. Kafin rana ta take, ga mai baro, ga mai jaki, kowa ya haƙo manyan tushe da ƙasarsu ya kawo.

Yaya ya tuɓe rigar birni ya duƙa dashe, ganye ya yayyanke masa hannu. Inna tana kansa: "Danna gindin da ƙafa, ba fure kake dasawa ba." Auta aka bar wa ban ruwa, safe da yamma. Na tambaye ta ko za ta kama kafin a saki ruwan. Ta ce, "Ta sama za ta kama. Ta ƙasa sai yadda Allah ya yi."

Ruwan ya iso da hantsi, jawur, yana tafe da kumfa. Tumatir ne ya fara tafiya, ba wanda ya yi masa kuka. Sai layukan ƙasa suka bi. Gaɓa ta riƙa ɓantarewa tana faɗawa, har lemon Baba ya karkata, ya yi kamar zai tsaya, sannan ya tafi. A nan Inna ta yi hawaye, ni ma na taya ta. Yaya kuwa ya shiga motarsa ya bar garin.

Kwanaki ruwan ya yi a cike kafin ya fara ja da baya. Layukan sama sun kwanta, sun sha laka, amma suna nan daram. Tsakaninsu da ɗakin Inna ba abin da ya rage sai wurin shimfiɗa tabarma.

Muna tsaye muna kallo sai muka ji ƙugin motar Yaya. Na ce shi ke nan, ya zo kwasar kaya. Inna ta yi sauri ta manna tafinta a bango, ta ɗaga masa tun bai fito ba.

"A bushe yake! Zo ka taɓa da kanka, bai taɓa ba!"

Yaya ya zagaya ya buɗe bayan mota. Jema ce maƙil, jiƙe-jiƙe da ƙasarta.

"Can ƙasa na je," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Inna Ƙarama tana gaishe ki. Ta ce ruwa ya iso, albasa ta sha. Wannan kuma ita da maƙwabtanta suka haƙo, wai tun zuwanki na farko kika ba su iri."

Inna ta daɗe tana kallon motar. Ta goge fuska da bakin zane, wai ƙasa ce ta faɗa mata a ido.

Yaya ya rungumo tushe guda ya ce, "Ta ina zan fara, Inna?"

Ta nuna masa ramin da lemon Baba ya bari.