Ɗan Guzuri Shi Ne Ƙarshen Ci

Jiya ɗana ya bugo waya daga bariki, murya a sanyaye. Wai an tura shi sashen guzuri da jigila, ba fagen daga ba. "Umma, abokaina har sun fara ce mini sojan tukunya." Na yi dariya har da hawaye, don maganar ta tuno mini da mahaifina.

Shi ma a wannan sashen ya yi soja. "Mu ne 'yan guzuri," haka yake cewa yana buga ƙirji. Su ne masu kai wa na gaba abinci, ruwa, mai, harsashi, har takalmi. Kullum sai ya ƙara da cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ranar sunan yaron nan a Kazaure, ruwan sama ya tsare dangin mijina a hanyar Gwiwa. Suka iso bayan la'asar a jiƙe, an riga an kankare tukwane. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Sai ga Baba rungume da kula, ƙamshin daddawa da man shanu na tashi. Ashe tun hantsi ya sa aka keɓe musu, nasa kwanon ma bai buɗe ba.

Ya ce, "'Yar nan, ɗan guzuri ba ya ci sai na ƙarshe ya ƙoshi."

Na ce wa ɗana ya ɗaga kai, gado ya ci. Allah Ya haskaka kabarin Baba, Ya sa ya tarar guzurinsa ya riga shi isa.