Zaren Likkafanin Inna

Inna ta fara kaɗin likkafaninta ne a shekarar da zama ya gagara a ƙauyenmu na bayan Daudawa, na je na ɗauko ta zuwa gidan da muke haya ni da maigidana a Ƙanƙara. Duk kayanta an ɗaure su a saman mota, ban da wata tsohuwar taskira mai mazari biyu da ɗan ƙoƙo da guntun alli. Wannan kam a cinya ta riƙe ta har muka iso, direba yana ta mita.

Matan zamaninta ba su son a naɗe su da yadin kasuwa. Mace idan ta ga 'ya'yanta sun kama gabansu, sai ta nemi auduga, ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa zaren da hannunta, sannan a kai wa masaƙi. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Ba abin tsoro ba ne a wurinsu, shiri ne kawai irin na mai tafiya. Inna har ta riga ta aika wa wani tsohon masaƙi a Ketare cewa ya daure kada ya riga ta mutuwa, tana nan tafe da aiki.

Kaɗin yana da waƙarsa. Ba wanda ya san mai ita. Daga Daudawa har Damari, duk tsohuwar da ta taɓa riƙe mazari ta san ta, kuma ba a yin ta a gidan biki. A hankali ake jan ta, ƙasa-ƙasa, kowane baiti na mamaci guda ne cikin naka. Ga yadda Inna ke buɗe tata:

Zare, tafi sannu, ni ma sannu nake,
Uwata ta wuce, ta bar mani ƙoƙo,
Jira ni in shafa alli, in biyo sahu.

Daga uwarta sai ubanta, sai 'ya'yanta biyu da suka rasu suna ƙanana, sai Babanmu a ƙarshe. Waƙar ce ma'aunin aikin. Da fara baiti take murza mazari, hannun hagu yana ɗagawa da auduga kaɗan-kaɗan, baiti na ƙarewa hannu ya miƙe, sai ta naɗe zaren. Sauran mata a ƙarshen baiti suke taɓa alli. Inna kuwa hannunta mai zufa ne, ba ta iya jira. Tana cewa "in shafa" sai ta yi tsit, ta dangwali alli, sannan ta ƙarasa. Gwaggo, ƙanwar Babanmu da ke aure a Damari, ta sha tsokanarta da cewa a duk ƙasar Faskari da Sabuwa ita kaɗai ce waƙarta ke tuntuɓe a tsakiyar hanya.

Ni na jawo abin da ya biyo baya, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Wata ranar hantsi tana kaɗi a bakin ƙofarta, na ajiye waya kusa da taskira na ɗauki muryarta. Ban tambaye ta ba. Yayana da ke zaune a Kaduna ne yake ta cewa yana kewarta, na ce bari in tura masa abin da zai sanyaya masa rai. Shi kuma, da yake Allah bai ba shi iya riƙe abu ba tun muna yara, sai ya watsa ta cikin zauren dangi na waya. Daga nan ban san hannu nawa ta bi ba.

An yi kamar shekara guda. Ran nan na fito daga madafa na tarar da 'yata budurwa da matan gidanmu uku sun haɗa kai a kan waya guda, suna dariya har da riƙe ciki. Sabon fim ne na barkwanci. Na leƙa. Wani ƙato mai tumbi ya shiga gidan mutane zai saci bunsuru, yana sanɗa, kiɗa mai sauri yana bin takunsa. Can sai kiɗan ya yi tsit, shi ma ya ƙame da ƙafa guda a sama, ya zaro ido. Bunsuru ya yi kuka, wando ya zube, kiɗa ya ci gaba. Wallahi na yi dariya. Sai da aka maimaita wurin karo na biyu na gane abin da nake ji.

Waƙar kaɗi ce. Sun cire kalmomin, sun sa mata fiyano da ganga, sun kora ta da gudu. Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce waƙar kowa ce, wata tsohuwa suka ji a wani gari. Amma tsit ɗin nan yana nan daidai inda Inna ke dangwalar alli. Mace guda ce a duniya ke tsayawa a wurin, kuma a lokacin tana bayan labule tana sallar walaha.

Na kira yayana raina a ɓace. Buɗar bakinsa sai ya ce mani, “To ai ɗaukaka ce! Ga waƙar Inna ta shiga duniya.” Na faɗa masa maganganun da har yau bai gama yafe mani ba. Ni kuma ban nemi ya yafe ba. Amma da na kashe wayar, na san rabin zagin nawa ne.

Kafin wata guda kiɗan ya cika Ƙanƙara. Yana tashi a rumfar masu cajin waya, yana tashi a teburin mai shayi, 'yan acaɓa sun mai da shi ƙarar kira. Idan mutum ya makara ya shigo taro yana raɓe-raɓe, sai wani ya fara kiɗan da baki a kwashe da dariya. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne matan da suka girme ni, waɗanda na san a cinyar masu wannan waƙa suka tashi, su ma suna ɗaga ƙafa guda. Na tambayi ɗaya ko ba ta gane ta ba. Ta saurara, ta ce, “Kai, haka ne fa!” Sannan ta sake fashewa da dariya.

Na yi ta ɓoye wa Inna. Ba ta kallon fim, kasuwa ma ba ta zuwa, kuma kiɗan ya yi saurin da kunnenta bai kama shi daga nesa. Na gargaɗi 'yata kada ta riƙa kunna fim ɗin a gida, amma ban gaya mata dalili ba, don kunya. Wannan ma wani kuskuren ne.

Ranar da abin ya fashe, suna ake yi a ɗakin maƙwabciyarmu, tsakar gida cike da mata bayan la'asar. Inna ba ta son hayaniya, sai ta zauna a bakin ƙofarta ta ci gaba da aikinta. Ina rabon waina ina jin ta ƙasa-ƙasa. Ta wuce uwarta, ta wuce ubanta, ta wuce yaran. Hayaniyar ta ɗan lafa daidai lokacin da ta shiga baitin Babanmu. Ta ce “in shafa”, ta yi tsit, ta kai yatsa ga alli. Sai wata baƙuwa mai rawar kai ta miƙe da ƙafa guda a sama, ta zaro ido, ta yi kukan bunsuru.

Gida ya ɗauka gaba ɗaya. Har da masu buga cinya.

Inna ta ɗago ta dubi mutane. Ta taɓa kallabinta ko ya zame ne, ta duba zanenta. Ta yi ɗan murmushin nan na wanda ake dariya bai san dalili ba. Wannan murmushin ne har yau ba ya barin idona. Kafin in ajiye kwanon waina in isa, 'yata ta riga ni, ta durƙusa gabanta da waya tana cewa, “Inna, ke ma kin iya waƙar ɓarawon bunsuru? Duba ki gani!”

Ta karɓa ta kalla, mazari yana kwance a cinyarta. Ta bi shi da ido har wando ya zube. Ta ce a mayar mata baya. Ta sake kallo, wannan karon da kai a sunkuye, kunne kawai ta ba shi. Sannan ta miƙa wayar, ta dube ni.

“Waƙa dai ta kowa ce,” in ji ta. “Amma wa ya ba su tsayawata?”

Na durƙusa a gaban matan nan duka na gaya mata gaskiya. Na so ta zage ni. Na so ta ɗaga hannu ta mare ni kamar ina 'yar shekara goma. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tattara auduga da ƙoƙo ta zuba a taskira, ta ce, “Ki tashi, ɗiyata, baƙi na jiran waina.”

Washegari ta fito da taskira kamar kullum, har na ji sanyi. Sai na ga bakinta a rufe take kaɗin. Zaren ya riƙa fitowa wani wuri kauri, wani wuri siriri, yana tsinkewa tana ƙullawa. Shekara sittin hannun nan yana bin murya, ba zai koyi tafiya shi kaɗai a tsufa ba. Ta gwada da salati, numfashin bai zo daidai da miƙewar hannu ba. Kwana huɗu tana fama, abin da ta kaɗa ta warware shi da kanta, ta ce ba za ta kai wa masaƙi abin kunya ba.

Na ce mata ta shiga ɗaki, in rufe mata ƙofa, in tsaya a waje kada kowa ya matso.

“Ba mutane ba ne,” ta ce mani. “Na gwada, ke ba ki nan. In na kai wurin ubanki, sai in ga wanga ƙato da ƙafa guda sama. To ni ba ni haɗa ubanki da ɓarawon bunsuru.”



Gwaggo ta zo daga Damari da ta ji labari. Ita ba ta taɓa ganin fim ɗin ba, ta kuma rantse ba za ta gani ba. Ta ce a ba ta audugar ta tafi da ita, cikin wata biyu za ta kawo zare. Inna ta yi mata godiya ta ƙi. Ta ce in dai hannun wata ne zai kaɗa, to da shi da na kasuwa duk ɗaya ne. Taskirar ta koma ƙarƙashin gado, ban sake ganin ta a hannun Inna ba.

Fim ɗin kuwa ya yi zamaninsa ya wuce, kamar yadda suke yi. Wani ya fito, aka koma kansa. Waɗanda suka yi shi ban san su ba, su ma ba su san akwai wata tsohuwa mai zufan hannu a Ƙanƙara ba. Na tabbata da za a gaya masu, cewa za su yi ai sun raya al'ada. Minti biyu suka buƙata don wando ya zube a kan kari, sun samu.

Inna ta ƙara shekara guda da 'yan watanni. Da ciwo ya kwantar da ita, na ɗauki zaren da ta tara tun kafin ranar sunan nan, na ba maigidana ya kai Ketare ba da saninta ba. Tsohon yana nan da ransa, ya cika alkawari. Ya auna ya ce likkafanin mace ƙyalle biyar ne, wannan kuwa kallabi kaɗai zai fitar. Na ce a saƙa hakan.

Ta rasu ranar wata Talata da safe. Ni da Gwaggo muka yi mata wanka. Muka ɗaura mata kallabin zarenta, sauran huɗun kuwa farin yadi ne da aka yanko a kasuwa, mai santsi, har da tambarin kamfani a gefe sai da na sa almakashi na yanke. Gwaggo tana naɗewa tana kuka ba sauti. Ni idona ya bushe ƙam.

Ranar sadakar uku muna zaune a tsakar gida, mata sun cika tabarmi, ana ta yi mani gaisuwa ina amsawa. Sai wayar wata tsohuwa ta yi ƙara a cikin jaka. Irin mutanen nan ne da jika ya sa masu ƙarar kira tun tuni, ba su san yadda ake canjawa ba. Kiɗan ne. Ta rikice tana lalube, jakar ta ƙi buɗewa, kiɗan yana ta gudu. Kowa ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, ga waƙar Inna ta zo yi mata ban kwana, bari in saurara in ji uwata ko sau ɗaya. Na rufe ido ina neman hannunta da alli.

Kiɗan ya yi tsit. Abin da na gani ƙato ne da ƙafa guda a sama.

Dariya ta kuɓuce mani. Na danne baki da mayafi, kafaɗuna suna rawa, mata suka yi ta cewa, “Ki yi haƙuri, sai addu'a.” Sun ɗauka kuka ne ya zo a ƙarshe. Gwaggo ce kaɗai ke jikina, ita ta ji sautin da ya fita. Ta janye hannunta daga bayana, ta tashi ta shiga ɗakin Inna, ta fito da taskirar a ƙarƙashin mayafinta. Da ita ta koma Damari, kuma ban tambaye ta ba.