Ƙullin Ƙasar da Inna ta Aika wa Yarima

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba mahaifiyata, Inna Rakiya, ta rako ni tasha tana dogara sanda. Ta danƙa mini ƙullin ƙasa da ta ɗebo bayan ɗakin da aka binne cibiyar Yarima. Tare ta shayar da mu. Yana shekara huɗu Turawa suka tuɓe mahaifinsa daga sarauta, aka yi gabas da su, ya rasu a Jidda bai cika talatin ba.

"Ka zuba masa a kabari," in ji ta. "Kada ka dawo mini da ita."

Maiduguri zuwa Bur Sudan

Kwana goma sha tara a bayan manyan motoci, sannan jirgin ƙasa. Kisira, wato wainar dawar Sudan, da miyar kuɓewa kuwa na ci har na gaji. Ƙullin yana aljihun 'yar cikina, ko wanka zan yi sai na rataye shi inda nake gani.

Jidda

Jirgin ruwa ya sauke mu ƙarfe goma na safe. Ɗan kwastan ya kwance ƙullin yana tsammanin sihiri ne. Da tafinta ya ce masa ƙasa ce, sai ya tuntsire da dariya.

"Ya Hajji, ƙasa muka rasa a nan? Yalla, wuce!"

Karantina

A wannan unguwa ta Jidda wani Bahaushen Sudan mai shayi ya nuna mini ɗakin Zainabu, matar Yarima. Ta kai ni maƙabarta, ta tsaya bakin katanga don mata ba sa shiga. Ashe a can ba a rubuta suna, duwatsu ne kawai jere. Mai gadi ya ce, "Shekara bakwai da rasuwa? Halas, shi ke nan, ƙila ma an sa wani a wurin." Wallahi nan na durƙusa na yi kuka. Me zan gaya wa tsohuwa?

A gida Zainabu ta ce Yarima ga-ruwa ya yi har ciwon ƙirji ya kwantar da shi, amma kullum da la'asar sai ya zaunar da 'yarsu ya lissafa mata unguwannin garinmu. Ta kira yarinyar, "Rakiya, karanta wa baffanki." Da jin sunan na ɗago kai na dubi yarinyar. Ta jero su da harshenta na Larabawa, har Marina da Bakin Tsamiya, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Na miƙa mata ƙullin. Ta kwance, ta shinshina, ta yi wa uwarta magana da Larabci.

Zainabu ta fassara mini: "Wai Abuya, wato babanta, ya ce ƙasarku ƙanshin ruwan sama take yi. Wai gaskiya ya faɗa."

Gida

Bayan wata huɗu na iso da hantsi, Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa duk wanda ya ba ni ruwa a hanya. Inna ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

"Ka zuba?"

"Kabarin ya ɓace, Inna. 'Yarsa na ba wa. Sunanki ya sa mata."

Ta goge ido da bakin zane, ta ce, "Ashe bai manta ni ba."