Allura a Idon Hagu

Na daɗe ina aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti a Wurno, kuma ban san iyakar mutanen da na yi wa allura ba: mata masu ciki, jarirai, har da manyan maza masu kau da kai in sun ga tsinin. Ni ce mai cewa, "Daure, an gama." Don haka ban taɓa zaton allura za ta kore ni daga gaban likita ba.

Abin ya fara ne wata safiya da na ɗaga sirinji zan zuƙi magani, sai na ga layukan jikinsa sun lanƙwashe. Na goge ido da bakin mayafi, na matsa kusa da taga. In na rufe idon hagu sai layukan su miƙe, in na rufe na dama sai su karkace, tsakiyarsu ta dushe kamar an shafa mai. Na daɗe da ciwon suga, na kuma san yana taɓa ido. Duk da haka sai da na yi wata biyu ina aiki da ido ɗaya a runtse kafin na hau mota zuwa Sakkwato.

Likitar ido da na samu sa'ar 'yata ta fari ce. Ta ɗiga mini magani, ta haska, ta ɗauki hoto, sannan ta juyo da allon wajena.

"Inna," ta ce, "can bayan ido akwai wani tantani da haske ke sauka a kansa, da shi ake gani. Suga ya raunana ƙananan jijiyoyin wurin, ruwa ya taru, ya kumbura. Akwai magani, amma da allura ake sa shi cikin idon."

"Cikin idon, ko gehe nai?"

"Cikinsa."

"To mi zai hana a ba ni na ɗigawa, ko ƙwaya in sha?"

Ta yi mini bayani a natse. Ta ce Allah ya yi wa wurin shinge ta kowane ɓangare. Na ɗigawa a gaba yake tsayawa, hawaye ya wanke shi. Wanda aka sha kuwa, ko ya bi jini ya je, jijiyoyin wurin ba sa barin da yawa ya ratsa. Sai ta ƙara da cewa masu bincike suna gwada wata dabara. Sautin nan da kunne ba ya ji, irin wanda ake hoton ciki da shi, suna so su yi amfani da shi su sassauta shingen na ɗan lokaci, magani ya wuce ba tare da allura ba.

"Amma har yanzu gwaji ake," ta ce. "Bai iso gare mu ba, ban kuma san ranar isowarsa ba. Idonki ba zai jira ba."

Rabin farko na maganarta kaɗai na riƙe. Na ce zan yi shawara, na ɗauki jakata na fito.

A mota na yi ta lissafi. Ai muna da na'urar hoton ciki a asibitinmu. Kullum ina tsaye a gefenta, ina ganin kan jariri da bugun zuciyarsa. Washegari na sayi maganin ɗigawa a kemis, na jira layin mata ya ƙare, na shiga ɗakin hoto na rufe ƙofa. Mai aiki da na'urar dattijo ne mai ƙarancin magana, mun shekara goma sha muna aiki tare. Na gaya masa maganar likita da abin da nake so: in ɗiga magani, in rufe ido, ya ɗora mini kan na'urar a kai.

Ya dube ni, ya dubi kwalbar.

"Hajiya, wagga na'ura kallo take yi, ba ta buɗa hanya. Waccan da likita taf faɗi, ko su da ke aikinta ba su gama sanin ta ba. Kuma wanga magani na ƙaiƙayi ne."

"Gwadawa kawai za mu yi."

"Ba da hannuna ba. In wata mai ciki ta zo miki da irin wagga shawara, mi za ki ce mata?"

Na fita ina jin haushinsa, na yi kwana uku gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

A makon da ya biyo baya aka kawo wata mata daga Magarya da hantsi, haihuwar fari. Ta haihu lafiya, amma ta ƙaru, sai an yi ɗinki. Na sa safar hannu, na ɗauki allurar ɗinki, na sunkuya. Sai na kasa gane nisan bakin raunin da hannuna. Na kai allurar, ta sauka gefe. Ban soka ba. Na miƙe na kira abokiyar aikina, na miƙa mata, na koma na riƙe hannun matar har aka gama. Na wanke hannu, na je ɗakin hoto, na ce wa dattijon nan gobe ba zan zo aiki ba, Sakkwato za ni. Ya ce Allah ya ba da sa'a.

Likitar ba ta tambaye ni abin da ya tsare ni ba. Aka kwantar da ni, aka wanke idon, aka ɗiga maganin kashe zafi, aka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon a buɗe. Ta ce in kalli sama, wajen dama. Na damƙe bakin gadon, ina salati a zuci. Na ji an danna, kamar da yatsa, sai wasu baƙaƙen ɗigo suka yi yawo a gabana.

"An gama, Inna."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan na yau. Wata mai zuwa za ki dawo."

Idon ya yi ja, ya wuni yana yi mini kamar da tsakuwa a ciki. Bayan allura ta uku layukan sirinji suka fara miƙewa. Ba su koma yadda suke da ba, kuma likitar ta gaya mini gaskiya cewa wataƙila ba za su koma ba. Amma na koma ɗinki, na rage tuwo, na daina shan shayi da sukari. Duk zuwa nakan tambaye ta labarin masu binciken sauti, takan ce suna nan suna yi. Ina yi musu addu'a, don na san akwai waɗanda allurar nan za ta hana zuwa har su makance.

Ɗaya daga cikinsu yayana ne, masunci a Goronyo, shi ma mai suga. Matarsa ta aiko mini cewa ya daina gyaran raga, wai zaren na ɓace masa. Na je na same shi a zaure. Da ya ji maganar allura sai ya ce shi kam a bar shi da tozali. Ban yi masa gardama ba. Na buɗe idona da yatsu biyu, na ce ya duba wurin da aka soka sau biyar. Ya matso, ya duba, ya ce bai ga komai ba.

Na kwana biyu a gidansa, ina tayar da maganar bayan kowace salla. Ran na uku da safe ya sa babbar rigarsa, ya ce wa matarsa ta ajiye masa fura. Muka fita tasha, na zaunar da shi gaba kusa da direba a motar Sakkwato, ni na shiga baya.