Genival Arruda da Takardun Mazarƙwaila

Girman kai ne ya cuci wannan bawan Allah har sau biyu, kuma na biyun ya fi ciwo. An haifi Genival Tenório de Arruda a shekarar 1948 a garin Pesqueira ta jihar Pernambuco. Mahaifinsa Anacleto makiyayin awaki ne, mahaifiyarsa Zulmira kuwa saƙar leshi take yi.

Ƙuruciya da Aure

Karatunsa bai wuce aji biyu ba, ya koma gona. A shekarar 1971 ya auri Dalvina, mai sayar da mazarƙwaila a kasuwa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, Allah Ya azurta su da 'ya'ya uku.

Zaman Kurkuku

A 1979 ya sari maƙwabcinsa da adda saboda ya yi masa dariya a bainar jama'a, alƙali ya yanke masa shekara goma sha ɗaya. A can wani ɗaurarren malamin makaranta, Osório, ya gyara masa rubutu. Daga 1981 ya ɗaura wa kansa ƙa'ida: kowace safiya bayan shan kofi sai ya tsara baitoci da guntun fensir a bayan takardar da Dalvina ke naɗo masa mazarƙwaila, ya karanta wa 'yan ɗakinsu. Su kuwa ba sa raga masa. A kan wani jaki da ke cikin baitocin, Osório yakan ce, "Mawaƙi, jiya ka kashe jakin nan, yau kuma ga shi yana cin ciyawa?" Sai ya koma ya gyara.

Da yake gandirobobi na yayyaga takardu idan sun zo bincike, kowace Lahadi idan Dalvina ta zo ziyara yakan damƙa mata abin da ya rubuta. Ran farko ta ce, "Maigida, mene ne wannan?" Kunya ta hana shi faɗi, wai kada a ji namiji kamarsa yana ƙirga baiti. Ya ce, "Shara ce, ke dai fita da ita." Ita kuwa mace mai tattali, ta riƙa naɗe wa masu saye kaya da su.

A 1988 wani direba ya tsaya a rumfarta ya ce, "Uwargida Dalvina, ba ni rabin kilo, amma ki naɗe min da wajen da jakin ya dawo gida." Ashe masu saye suna bin labarin da ke jikin takardun. Ranar 'yarsu Luzinete ta buɗe takarda ta gane rubutun hannun ubanta.

Ƙarshen Rayuwa

An sake shi a 1990. Ya yi ta ƙoƙarin maido da baitocin daga ka, amma kaɗan suka dawo, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ɗora wa matarsa laifi ba. Ya rasu ranar 3 ga Yuni, 2009, aka binne shi a Pesqueira kusa da mahaifiyarsa. Ya bar Dalvina da 'ya'ya uku: Edvaldo, Luzinete da Josimar. Cikin takardu kusan dubu ɗaya da ɗari huɗu da ya rubuta a shekara bakwai, arba'in da shida suka tsira, suna wurin Luzinete, har yau da maiƙon mazarƙwaila a jikinsu.