Bangon Inna da simintin da na yi shiru aka shafa

Shekara biyar ke nan cif da muka binne Ummi a nan Guangzhou. 'Yar fari ce, shi ya sa ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, kuma yau ma ba zan fara ba. Ni ba marubuciya ba ce. Da girmana na koyi haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, don haka mai karatu ya yi haƙuri da hannuna.

Mahaifinta takalma yake saya a kasuwar Zhanxi Lu yana turawa Kano, abin da ya zaunar da mu a unguwar Sanyuanli ke nan. Ita kuwa karatun zanen gine-gine ta yi a nan. Ana tsammanin za ta ƙware kan dogayen benayen gilashi irin na garin nan, sai ta ɓuge da ginin ƙasa. Har yau ina jin muryar babanta yana zolayarta: "Na kawo ki China, kin koma kwaɓa laka!"

A watanninta na ƙarshe, lokacin da ciwon sikila ya fara kwantar da ita a kai a kai, ta shiga wani taro da ake yi ta intanet, kowa yana ɗakinsa ana ganin juna a kwamfuta. Taron na masu kula da tsofaffin majami'un mishan ne, waɗanda Turawan Sifaniya suka kafa a Meziko da kudancin Amurka tun zamanin mulkin mallaka. Ta ce min da yawansu da tubalin ƙasa aka gina su, kuma ba Turawan ne suka ɗora tubalin ba, 'yan asalin wurin ne, wasu ma a kan tilas. Shi ya sa a taron wasu ke magana da ƙauna, wasu da ɗaci.

Na ce, "Ke kuwa 'yar Musulmi, ina ruwanki da coci?"

Ta yi dariya ta ce, "Umma, ruwan sama bai tambayar addinin bango. Abin da ke cin nasu shi ke cin ɗakin Inna."

Inna mahaifiyata ce. Ɗakinta na nan a gidanmu na gado da ke gindin Dala, soron ƙasa mai azara. Ummi ta auna shi kusurwa kusurwa a zuwanta na ƙarshe, ta zana shi a takarda, kuma a kansa ta shirya yin magana.

Ranar da za ta yi bayanin, da hantsi ne a wurinmu, su kuma can yamma ta yi. Ta matsa sai na zauna kusa da ita na nuna yadda muke yaɓe. Mun zaga shagunan unguwa neman jar ƙasa, kowa sai ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu. Ƙarshe ƙasar tukunyar fulawa muka juye a faranti. Na gyara mayafina, kunya kamar ta kashe ni, na kwaɓa, na shafa a jikin katako da tafin hannu, daga ƙasa zuwa sama, yadda Inna ta koya min. Sai wata tsohuwa a cikin kwamfutar, mai furfura da gashi a kitse, ta ɗaga nata hannun ta yi irin motsin nan sak. Ummi ta fassara min cewa a ƙauyensu mata ne ke yi wa majami'arsu sabon yaɓe duk shekara. Ba mu ji yaren juna ba, amma mun daɗe muna kallon hannun juna.

A wannan taron ne na ji abin da ya kamata in riƙe. Sun ce a wasu wuraren an gaji da yaɓen shekara shekara, aka lulluɓe bangon ƙasa da siminti don a huta. Daga waje ya yi kyau. Amma siminti yana tsagewa, ruwa ya shiga, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye har bangon ya ruɓe daga ciki. Da aka rufe kwamfutar Ummi ta kama hannuna, da sauran laka a jiki, ta ce, "Umma, ko ba na nan, kada ki bari a sa wa ɗakin Inna siminti."

Na ce mata ta daina irin wannan maganar. Wata uku bayan haka ta rasu.

Shekara ta zagayo, Yaya Habu, babban wanmu, ya kira ni a waya. Ya ce maginan gargajiya sun yi wuyar samu, makubar da ake shafe bango da ita ma sai an sha yawo, don haka ya yanke shawarar a yi wa gidan filastar siminti gaba ɗaya. "Ko kina da magana, Hajiya?" in ji shi. Maganar tana bakina. Amma ni ƙanwa ce, mace, ina zaune a wata uwa duniya, shi ke fama da gidan. Kuma duk rayuwata an san ni da haƙuri, har yabona ake yi a kai. Na ce, "Yadda ka gani, Yaya."

Damina uku simintin ya yi yana sheƙi a hotunan da ake turo min. A ta huɗu, bara ke nan, bangon gabas na ɗakin Inna ya zube da rana tsaka. Allah ya tsare, babu kowa a ciki. A hoton na ga ɓawon simintin a tsaye kamar kwanon da aka kwashe tuwonsa, ƙasar cikin ta zama taɓo.

Ina yawan tambayar kaina me Ummi za ta ce da ta ga wannan. Ba mai faɗa ba ce. Ina jin shiru za ta yi, ta ɗauko takardar zanenta ta duba abin da ya saura. Wannan shirun ne ya fi yi min nauyi. Taron nasu har yanzu ana yinsa, saƙon gayyata yana shigowa wayarta da na ƙi rabuwa da ita. Ban san ko tsohuwar nan tana raye ba.

Bango uku suka rage. Makon jiya Yaya Habu ya sake kira, ya ce za a rushe sauran a sa bulo. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ban yarda ba. A ɓamɓare simintin, a nemo magini. Da rani zan zo, da hannuna zan yi yaɓen." Sai ya ce ashe ina da baki. Bai amsa ba, bai kuma ƙi ba.

Ummi ba ta bar gini ko ɗaya da sunanta ba. Abin da ta bari takardun zane ne a cikin akwati, da magana ɗaya da ta ba ni ajiya na kasa riƙewa a kan lokaci. Ba ni da tabbacin bangon ukun za su kai wata daminar. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ni dai na sayi tikiti, kuma takardun suna cikin jakata.