Rinar da ta sa na ture Hajiya

Jama'a, yau na ture uwar mijina daga kan kujera! Wallahi da hannuna!

Hajiya ce ta zo daga Ruwan Godiya. Na ɗauko mata sabuwar kujera 'yar tsugunno da na saya a kasuwar Ƙanƙara. Na durƙusa ina gaishe ta, kaina a ƙasa. Sai na ga garin itace yana zubowa daga ƙafar kujerar. Can sai ga kai ya leƙo! Wata baƙar rina ce, tsawon yatsana, da dogon tsinke a gindi. Ta kama hawan zanen Hajiya!

Kunya ta hana ni ihu. Na ce, "Hajiya, da za ki ɗan..."

Ta ce, "Mi? Ɗaga murya, 'yar nan."

Ai sai na hankaɗa ta. Tim a kan tabarma! Ta dinga salati.

Maƙwabcinmu malamin gona ya yi sallama ya faɗo. Ya ga rinar a ƙasa, ya ce, "Ai wannan ba ta harbi! Da tsinken nan take saka ƙwai cikin itace. Tun tana tsutsa take ciki tana ci, kafin ma a sassaƙa kujerar. A littafi kaɗai na taɓa ganin ta. Kawo kwalba!"

Kafin in juya, kazata ta yi caraf ta haɗiye.

Yanzu maigida ya dawo. Hajiya na riƙe da ƙugu, ta ce ita ba ta ga komi ba. Malamin gona ya wuce garin Sabuwa. Shaidar da ta rage mini tana can tana tonon bola!